Wa Ke Bin Wani, Makaɗi Ko Mai Rawa?

Shirinmu na yau zai kai mu birane masu nisa, irin su New York da Oakland a Amurka, da Paris, da Brussels, da Berlin, har da Tokyo ta ƙasar Japan. A waɗannan birane, da yamma bayan an tashi daga aiki ko ranar Asabar da hantsi, mutane kan hallara a zauren taron unguwa ko ɗakin wasannin wata makaranta, su biya kuɗin shiga, su tuɓe takalma, mata su ɗaura zani, su yi sahu-sahu suna koyon raye-rayen Gini da Mali da Senegal. Ba ƙwararru ba ne. Akwai ma'aikatan asibiti, akwai direbobi, akwai ɗalibai, akwai masu furfura. Can ƙarshen zauren kuma ga makaɗa uku ko biyar da gangunansu, gumi na zuba. Waɗannan makaɗa su ne maganarmu a yau. Su suka fi cin kuɗin ajin, su ke jawo ƙorafin maƙwabta saboda ƙara, kuma a zamanin da kowace waya ke cike da kiɗe-kiɗe, mai lissafi zai ce a sallame su a kunna lasifika. Ni a ganina ba su sallamuwa. Ajin da ya maye gurbin makaɗi da na'ura motsa jiki yake koyarwa, kuma motsa jiki abu ne mai amfani, amma ita rawar da ake magana ta riga ta bi makaɗan ta fice.

Kafin in kawo hujja, ya kamata mu san yadda rawar ƙauyukan ƙabilar Malinke ta sami mazauni a Turai da Amurka, domin za mu sake bukatar tarihin nan a gaba. A shekarar 1952 wani malamin makaranta kuma marubuci ɗan Gini, Fodeba Keita, mutumin Siguiri, ya kafa ƙungiyar Les Ballets Africains a Paris. Da Gini ta ƙi tayin Janar de Gaulle ta karɓi 'yancin kai a 1958, gwamnatin Seku Ture ta mai da ƙungiyar ta ƙasa, ta kuma shimfiɗa gasa tun daga ƙauye zuwa gunduma har babban birni Konakiri, ana tsamo yaran da suka fi kowa hannu da ƙafa. Ta haka aka ɗauko Mamady Keita daga ƙauyen Balandugu, ya shiga ƙungiyar Ballet Djoliba a 1964 yana ɗan shekara 14. Famoudou Konate kuwa, ɗan yankin Hamana kusa da Kurusa, ya yi shekara 26 yana jagorantar kiɗa a Les Ballets Africains. Shi Fodeba bai ƙare da daɗi ba: ya riƙe muƙamin minista, aka kama shi a 1969, bai fito da rai ba. Bayan rasuwar Seku Ture a 1984 tallafin gwamnati ya ja baya, ƙofar fita ta buɗe, makaɗa da masu rawa suka bazu duniya neman abinci. Mamady Keita ya zauna a Brussels a 1988, ya buɗe makarantarsa Tam Tam Mandingue a 1991, ta yi rassa a ƙasashe da dama. A Amurka kuwa an riga an share musu fage. Asadata Dafora ɗan Saliyo ya nuna wasansa Kykunkor a New York tun 1934, Babatunde Olatunji ɗan Najeriya ya buɗe cibiyar koyarwa a unguwar Harlem, Ladji Camara ya zauna a New York yana koyar da jembe, Chuck Davis kuma ya fara bikin DanceAfrica a Brooklyn a 1977. Baƙaƙen fatar Amurka ne suka fara cika waɗannan azuzuwa, suna neman sada zumunci da nahiyar kakanninsu.

To, me makaɗan nan ke yi wanda faifai ba zai iya ba? Mu duba kayan aikin tukuna. Jembe ganga ce mai ƙirar turmi, ana sassaƙa ta daga gungumen icce guda, a rufe bakin da fatar akuya, a ɗaure da igiya tamau. Sassaƙarta a al'adar mutanen Mande aikin zuriyar maƙera ne, waɗanda ake kira numu. Da tafin hannu ake buga ta, amo uku take bayarwa: mai zurfi daga tsakiyar fata, matsakaici daga gefe, da mai kaifi mai tsaga kunne. Baƙo yakan ɗauka ita ce uwar tafiya saboda ta fi tsawa. Ba haka ba ne. Ginshiƙin kiɗan yana wurin dunun, ganguna uku masu baki biyu, da fatar saniya, ana buga su da sanda: kenkeni ƙarama mai riƙe lokaci, dununba babba mai nauyin amo, da sangban ta tsakiya, wadda ita ke gaya wa mai rawa wane kiɗa ake yi. A ƙauye kowace da mutuminta, a kwance, da ɗan ƙarfe irin kugenmu da ake bugawa da ɗaya hannun. A dandamalin wasa da azuzuwa da yawa mutum guda ne ke tsayar da su ukun ya haɗa. Waɗannan duka, da jembe ɗaya ko biyu masu rakiya, yawanci abu guda suke maimaitawa. Da aikin ya tsaya nan, da na yarda a naɗe su a faifai kowa ya huta. Amma akwai mutum na ƙarshe, jagoran makaɗa, wanda ake kira jembefola. Shi idonsa na kan ƙafafun masu rawa, hannunsa na bin abin da ya gani.

A aji, bayan an ɗumama jiki kuma malama ta warware taku ɗaya bayan ɗaya, sai ɗalibai su jeru uku-uku ko huɗu-huɗu, kowane sahu ya taso daga ƙarshen zaure yana rawa yana fuskantar makaɗa har ya iso gabansu, sannan ya kauce ya ba na baya wuri. Jagoran makaɗa ne ke buga wani gajeren kira mai cewa a fara, ko a sauya taku, ko a tsaya. Tsakanin kira da kira kuma yana ba kowane motsi amonsa: inda ƙafa za ta dira ya sa mai zurfi, inda hannu zai watsa sama ya sa mai kaifi. In sahun da ke tafe ya rikice, sai ya rage ado ya fito da ainihin bugun fili yadda kunne zai kama. In na gogaggu ne, ya matsa musu lamba. In ya ga wata tana makara wajen ɗaga kafaɗa, ya yi ta nanata wurin har ta ji. Mu Hausawa muna cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma gaskiya ne, amma rabin maganar ke nan. A wannan fage in rawa ta sauya kiɗa ma dole ya sauya, kuma makaɗin da bai iya bin ƙafa ba, komai saurin hannunsa, mutanen Kurusa ba za su kira shi gwani ba. Ashe ke nan malamai biyu ne a ajin, ɗaya na nuna wa ido, ɗaya na gaya wa kunne, kuma na biyun ne ɗalibi zai ci gaba da ji bayan malama ta koma gefe.

Abin ya fi fitowa fili a ƙarshen darasi, lokacin da ake buɗe da'ira kowa ya shiga shi kaɗai. Nan ne ajin ya fi kusa da asali. A bikin aure ko suna a Bamako, mata kan zagaye fili, ɗaya ta faɗo tsakiya ta tunkari makaɗi, shi kuma ya taso mata, kiɗa ya ɗau zafi, ta yi abin da za ta yi cikin ƙasa da minti guda, su dire tare, ta koma, kiɗa ya lafa, wata ta fito. Ba wanda ya tsara tsawon wannan shiga. Su biyun ke yanke shi da ido. A sabar, gangar Wolof ta Senegal, wadda ake bugawa da hannu ɗaya da siririyar sanda, wadda marigayi Doudou N'Diaye Rose ya kai duniya, abin ya fi haka tsanani: mai rawa na tsalle tana jefa ƙafa, makaɗi na karanta jikinta, daɗin wasan duka yana ga su dira kan bugu ɗaya. Wanda ya koyi rawa da faifai kawai, in ya faɗa wannan da'ira, sai ya zama kamar wanda ya haddace gaisuwa shi kaɗai a ɗaki: ya iya “ina kwana” sarai, amma bai taɓa jin an amsa masa ba, balle ya san lokacin da zai yi shiru. Ya san taku ashirin, bai san yadda ake roƙon kira da ido ba, bai san yadda ake fita ba.

Yanzu ga abin da masu ja da wannan ra'ayi ke cewa, kuma ba maganar banza suke yi ba. Na farko sun ce ɗan koyo yana bukatar abin da ba ya gocewa. Faifai ba ya gajiya, ba ya gudu, ana mai da shi baya sau goma, kuma gwanaye ne a cikinsa, ba wani ɗalibin ganga da ya fara bara ba. Don maimaici a gida na yarda ɗari bisa ɗari. Ɗalibin kirki ya kamata ya saurari faifan Famoudou Konate har kiɗan ya zauna masa a ka. Amma a aji wannan rashin gocewar ita ce illar. Wanda ya saba da faifai guda faifan yake haddacewa: ya san bayan ƙirga takwas sau huɗu kira zai zo, sai ya daina saurare ya koma ƙirga. Ƙirgan ma ba ya kama kiɗan daidai. Wani manazarci Bajamushe, Rainer Polak, wanda ya daɗe tare da makaɗan bukukuwa a Bamako, ya auna bugunsu da na'ura ya tarar tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ba daidai wa daida take ba, akwai gajeriya akwai doguwa, kuma ba kuskure ba ne, haka suke dawo da ita kowane zagaye. Irin wannan lanƙwasa jiki ke ɗaukarta, ba lissafi ba. An ma yi wani gwaji da ba wanda ya shirya shi. A 2020, da annobar korona ta rufe zauruka, azuzuwa da yawa sun koma intanet ta Zoom. Malama na nuna taku, ɗalibai na kwaikwaya a falo, makaɗa na bugawa a gefenta. Amma ɗan jinkirin da hoto ke yi kafin ya iso ya isa ya hana makaɗi bin ƙafar wanda ke wani gari. Kafin ya ga taku ya buga, takun ya wuce. Kiɗan kai-tsaye ne, amma tunda hanya ɗaya yake bi ba ya dawowa, bai fi faifai da komai ba. Ashe ba ƙarar fata ake biya ba, amsawar ake biya.

Ja na biyu ya fi nauyi. Masu shi na cewa, wai wane asali ake karewa? Abin da ake koyarwa a New York ai ba rawar ƙauye ba ce, rawar dandamali ce da aka gyara a zamanin Seku Ture don 'yan kallo. Kuma sun yi gaskiya a mafi yawan abin da suka faɗa. A ƙauye da'ira ake yi, mai kallo yanzu shi ne mai rawa an jima. Ƙungiyoyin ƙasa ne suka fasa da'irar suka mai da ita sahu mai fuskantar kujeru, suka taƙaita abin da ake kwana ana yi zuwa 'yan mintoci, suka ƙara sauri, suka haɗa takun ƙabilu daban-daban a wasa guda. Shi kansa kiran nan da na yaba, a dandamali ya sami wannan matsayi, domin mutum ashirin su iya sauya taku lokaci ɗaya. Kowace rawa kuma tana da gidanta. Kassa kiɗan manoma ne, ana bin su da shi gona-gona, kamar dai yadda gangar noma ke zuga samari wurin gayya a ƙasar Hausa. Soli na lokacin kaciyar yara ne. Dununba ta Hamana rawar ƙarfafan maza ce, inda tsara ke nuna wa tsara ƙwanji a dandalin gari. Yankadi ta ƙabilar Susu ta samari da 'yan mata ce. A aji kuwa ana yin Soli ba yaro ko ɗaya da za a yi wa kaciya, ana yin Kassa a kan daɓen katako cikin hunturu. Akwai ma abin takaici a tarihin: gwamnatin da ta ɗora raye-rayen ƙabilar Baga a dandamali ita ce kuma, da sunan yaƙi da camfi, ta sa aka ƙone dodanninsu da kayan al'adarsu a ƙauyuka.

Duk wannan na karɓa. Sai dai ban ga yadda ya kai mu ga kunna lasifika ba. A wurina akasin haka yake nunawa. Rawar ta bar gonarta, ta bar dandalinta, ta bar harshenta, ta bar dalilin yinta. Abu ɗaya da ya tsallake teku bai lalace ba shi ne wannan ba-ni-in-ba-ka tsakanin mai ganga da mai ƙafa, domin ba ya bukatar damina ko kaka, mutum biyu kawai yake bukata a wuri guda. A ce tunda an rasa tara a yar da na goman, ban san wace hikima ke nan ba. Daɗin daɗawa, makaɗan nan sau da yawa su ne ma'ajiyar bayanin da ya rage: su ke rera waƙar da ke buɗe kiɗa, su ke iya cewa wannan na Malinke ne wancan na Baga ne, su ke ɗaga gira idan an cusa takun da ba na kiɗan ba. Ajin da ba makaɗi shi ya fi saurin rikiɗewa ya koma wani abu da ake kira “rawar Afirka” kawai, ba ƙasa ba ƙabila, sai ka ce nahiyar duka ƙauye guda ce.

Ja na uku na kuɗi ne, kuma shi ke kashe azuzuwa a zahiri. Abin da ɗalibai goma sha biyu suka biya, a cire hayar zaure, a raba tsakanin malama da makaɗa uku, ba ya kai kowa ko'ina. Dabarar da ake yi a wurare da yawa ita ce a biya jagora da mai dunun, sauran kuma ɗaliban ganga ne masu bugawa kyauta don su koya. Tsarin na da kyau matuƙar akwai gwani a gaba. In babu, sai a tara gungun masu sha'awa kowa na son a ji hannunsa, kiɗa na gudu, ba mai kallon ƙafa. Irin wannan kam gara faifai, ba na jin nauyin faɗa. Amma maganin mugun makaɗi shi ne a nemo nagari a biya shi haƙƙinsa. Bai dace ba a ƙarshen darasi ɗalibai su zo ɗaya bayan ɗaya suna taɓa ƙasa a gaban ganguna don girmamawa, kamar yadda aka saba, sannan mutumin da ya taso daga Konakiri da ilimin shekara talatin a tafin hannunsa ya koma gida da kuɗin mota. Ƙarar ma ba abin wasa ba ce: masana lafiyar kunne na gargaɗin cewa daɗewa cikin ƙarar da ta haura ma'aunin desibel 85 na cutar da ji, jembe biyar a rufaffen ɗaki kuwa sun wuce nan, don haka toshe kunne da ɗan abin kariya ba ragwanci ba ne.

Wani mai sauraro a Kano ko Damagaram zai ce, mu ina ruwanmu, rawa ai ba a aji ake koyonta ba, a dandali yaro ke tsintarta. Haka ne, muddin akwai makaɗi a dandalin. Yau kuwa a bukukuwanmu da yawa mai kunna faifai ne ya gaje wurin mai kalangu, kuma faifai bai san taken kowa ba. A fagen dambe ne har yanzu ba wanda zai yarda da haka, domin kowa ya san makaɗi na duba wanda ya shigo ne ya buga masa nasa. Akwai kuma ɓangaren da ba a cika lura da shi ba: ajin rawa shi ne makarantar makaɗi. A Gini da Mali yaro kan yi shekaru yana bin maigidansa biki-biki, yana buga rakiya guda, yana kallon yadda ake tarbar ƙafa, kafin a bar shi ya ja gaba. A Turai da Amurka babu bikin da zai bi, sai ajin ranar Asabar. Tuni ma aka sami ɗimbin ɗaliban jembe da suka koyi kiɗa daga rubutu a takarda, suna iya jero kiɗe-kiɗe irin su Kuku da Soli da Kassa ba tuntuɓe, amma in mace ɗaya ta faɗo gabansu tana rawa sai su sunkuyar da kai suna kallon fatar gangarsu. Kowane aji da ya koma lasifika ya rage wa irin waɗannan wurin da za su koyi ɗaga ido.